Saniyar Aro a Shafin Alhaji Barau

Alhamis, bayan la'asar

Yau a kasuwar Maigatari na ɗauki wani aiki. Bari in rubuta tun da zafinsa.

Na je kai wa Alhaji Barau allon bakin rumfarsa. Shi ne babban dillali a layin shanu da raguna, kuma tun motarsa ta farko ni nake yi masa rubutu. In faɗi gaskiya, a cikin manya shi kaɗai ya rage mini. Sauran duk sun koma wajen masu buga bana da inji, robar nan mai sheƙi da ranar Gumel ke cinye launinta kafin damina.

Ana shan shayi sai ya fara ƙorafi. Wai mutanensa na Legas da Fatakwal sun gaji da tura hoto a waya, yau a nuna maka rago, gobe a ce an sayar. Suna son shafi a intanet, wuri ɗaya, kowace dabba da hotonta da sunan mai ita, mutum ya zaɓa ya kira. Ya ce, "Kafin watan Layya ya kama nake so. Ko sai na je Kano?"

Na ce, "Kano kuma, Alhaji, ina raye?"

Ya ce, "Cindo, wannan fa ba fenti ba ne."

Na ce, "Kwamfutar da nake tsara maka katin biki da ita, wa ya koya mini? Fentin ma wa ya koya mini?"

Mutanen rumfa suka ce gaskiya ne. Ya miƙo hannu, na miƙa. A kara, wato kasuwar dabbobi, in an haɗa hannu magana ta ƙare.

Ban san yadda ake gina shafi ba. Amma ranar da na fara riƙe buroshi ma ban sani ba. Na fito sakandare da takardar da ba ta kai ni ko'ina ba, na zauna a tasha ina kwaikwayon rubutun jikin motoci a ƙasa da tsinke. Ba wanda ya isa ya ce ni yaronsa ne. Aikin nan in ya fita, shago ya tsaya da ƙafarsa. In bai fita ba, ba sai na rubuta ba.

Asabar, da hantsi

Labari ya riga ni zuwa gida. Abdurra'uf, ƙanin matata Larai, ya faɗo shago yana dariya tun daga bakin titi. Shi ne ya yi karatu a Kano ya dawo ya buɗe wurin koyar da kwamfuta a bayan kasuwa.

"Injiniya! An ce ka zama mai gina shafi. Yaushe aka yaye ka ba a kira mu walima ba?"

Na ce, "Ranar da na saya maka takalmin makaranta na farko, kana jan majina."

Ya zauna a kan gwangwanin fenti ya bar wasa. Wai yana da kwas na wannan aikin daidai, da yamma ake yi, ana biya. In zo in zauna, aikin Alhaji ya zama darasina, mu yi shi tare. Ya ce, "Kai ba zan karɓi komai a hannunka ba, Yaya."

Na ce, "Sadaka za ka ba ni?"

Ya ce, "To biya ninki biyu. Ni ba na ƙin kuɗin tsoho."

Na ce akwai bidiyo a waya, kyauta, komai ana koyarwa. Ya ce ya sani, shi ma yana kallo. "Sai dai bidiyo yana nuna maka aikinsa ne, ba ya ganin naka. Mu a wurinmu ba mai ɗora shafi sai wani ya duba masa."

Da ya tafi na auna abin tsakani da Allah. A wurinsa akwai malami, akwai sola, akwai satifiket. Satifiket in kai wa wa? Bidiyo kuwa sai ka tsayar da shi, ka mayar baya, ka kai fuskarka kusa yadda kake so, ba mai kallon ka. Bidiyo ba ya dariya.

Na zaɓi bidiyo.

Litinin, bayan azahar

Mutumin Indiya ne malamin, Turancinsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na bar sauraro, ina bin hannunsa kawai. Abin da ya rubuta in rubuta.

Kafin a ɗauke wuta na danna, sai ga shi ya fito: ALHAJI BARAU MAIGATARI, baƙi a kan fari. Na tashi tsaye ni kaɗai a shago. Ashe abin duk rubutu ne. Rubutu kuwa ai gidana ne.

Laraba, da yamma

Kan nan ya dame ni. Zafi ne.

Juma'a, bayan masallaci

Tun jiya shafin ya ƙi buɗewa. Na duba, na sake dubawa. Ashe wata 'yar alama ce kamar kashin ƙuda na bari a baya. Su waɗanda suka ƙirƙiro abin nan me ya sa komai nasu ƙanana? Na ƙara girman haruffa har kalma ɗaya tana cika fuskar kwamfuta. Haka ya fi. Na juya teburin ya kalli bango, saboda hasken ƙofa.

Da safe Larai ta ajiye mini 'yar kwalbar nan kusa da kofin shayi. Na ture ta gefe. In na ɗiga a ido sai komai ya koma ruwa-ruwa har hantsi, ni kuwa yanzu ba ni da hantsin zubarwa. Likitan Kano ya faɗi abin da ya faɗa a watan azumi. Su ma mutane ne, ba su san gaibu ba. Bayan Sallah zan koma wurinsa.

Lahadi, da safe

An aiko daga Gagarawa. Wai shekaranjiya na wuce Kawu Shehu a bakin masallacin Juma'a, yana gefen hanya yana ɗaga mini hannu, ban ko waiga ba. Ƙanin mahaifina guda.

Cunkoso ne. Wa yake ganin kowa a cunkoso?

Talata, bayan magariba

Na rufe shago na tafi Gagarawa ba da haƙuri. Wuni guda ya tafi a banza.

Kawu ya bar ni a durƙushe ya gama lazimi. Ya ce, "Girman kai rawanin tsiya, Cindo. Tun da aka ce kana harka da intanet mu talakawa mun zama kututture."

Na ce a yafe mini, hankalina ne ya tafi wani wuri. Ban yi musu ba. Gara ya ce girman kai ne.

Ya yafe. Aka kawo fura. Na kai hannu zan ɗauki ludayi, sai hannuna ya sauka a gefen ƙwaryar. Kawu ya ce, a hankali, "Ubanka ma haka ya fara wuce mutane."

Ban tsaya cin abinci ba. Ba zan rubuta komai a kan Baba ba.

Laraba, bayan la'asar

Abu ɗaya ya tsaya mini, yadda ake jera hotuna su zauna daidai a waya. Na ce bari in biya ta wurin Abdurra'uf kamar wucewa nake, in jefa tambayar cikin hira.

Na tarar ana darasi. Samari, da wata matar aure, har da wani dattijo da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, an zauna biyu-biyu ana leƙa aikin juna. Majigi yana haska rubutu a bango.

Abdurra'uf ya ce, "Ku gaida babban baƙo. Wannan shi kaɗai ya koya wa kansa abin da nake wahala da ku a kai." Sai ya nuna bango. "Yaya, nuna musu. A layin nan na tsakiya, me ya ɓace?"

Na san girmama ni ya yi niyya. Na kalli bangon. Fari ne fat, da wasu abubuwa kamar tururuwa a cikin ƙwaryar nono.

Na ce, "Majiginka ya tsufa."

Matar nan ta ce, "Ai sabo ne, Baba."

Na ce ina da aiki a shago. Ban yi tambayar ba.

To ka ji kwas. A zauna a karanta daga bango, na kusa da kai yana leƙen aikinka. Ko da zinariya aka haɗa ni ba zan zauna ba.

Asabar, da rana

Na gano jera hotunan da kaina. Da kaina. Layukan littafin nan sun matsu da yawa, daga yau tsallake ɗaya zan riƙa yi.

Litinin, bayan la'asar

Jiya na ɗauki hotunan ragunan Alhaji a garkensa, uda da balami, kowanne kamar jaki. Yau kuma na je rugar Sajo a bayan Ɗanzomo. Sajo Bafulatani ne, a hannun Alhaji yake sayar da dabbobinsa tun zamanin ubansa. Mutum ne mai yawan dariya. Matarsa ta dama mini fura da nonon da ban sha irinsa ba tun ina yaro.

Bijimai biyu zai sayar da karsana ɗaya. Na ɗauki bijiman. Sai ya kai ni wajen karsana biyu a ɗaure, farare tas, kamar an tsaga kara.

Ya ce, "Mai rubutu, wannan ita ce ta sayarwa. Waccan mai tsaga a kunne ba tawa ba ce. Habbanaye ce, ta abokina Ɗalha na can ƙasar Damagaram."

Na san al'adar. Aboki yakan ba aboki aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Ba a sayar da ita ko yunwa za ta kashe gida. Sajo ya ce ko sanda ba ya ɗaga mata. Yanzu ma ciki gare ta, na fari.

Ya ce, "Ɗauke ta ita ma, in samu mai tura wa Ɗalha ya ga yadda ta yi ƙiba. Amma kar ka haɗa su. Ka ga tsagar?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Ga ta nan a kunnen hagu."

Na ce, "Na ce na gani, Sajo. Ni da nake zana gashin zaki ɗaya-ɗaya a bayan mota?"

Ya yi dariya. Rana ta take, fari a kan fari, fuskar wayar ma ba a ganin komai. Na ɗauka da yawa don kar a samu matsala.

Talata, da hantsi

Hotunan karsana sun yi yawa. Ta sayarwa na fara ɗauka, wannan na tabbata. Na zaɓi wanda ya fi kyau a cikin na farko-farko.

Na tabbata.

Laraba, da yamma

Abdurra'uf ya kawo wa yayarsa mangwaro, ya leƙo shago.

"Injiniya, an ce gobe za a yanke kirtani. Bari in duba maka kafin ka ɗora. In ni ne ba ka so, in turo maka dattijon nan na ajinmu, sa'anka ne, sai ku yi ta tari tare."

Na ce na gode.

Ya ce, "Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na ce, "Jinkar nan ni na saƙa ta, na san nauyinta."

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara magana. Ban juya masa kwamfutar ba. Da ya tafi na ɗora shafin, a wurin da bidiyo ya nuna ana bayarwa kyauta.

Alhamis, bayan magariba

Alhamdu lillahi.

Da farko wayar Alhaji ta kama layin Nijar ta ƙi buɗewa. Aka matsa bayan rumfa, sai ga raguna sun jeru. Alhaji ya yi ta zagaya kara da waya a hannu yana nuna wa abokan adawarsa. Kafin azahar an kira daga Legas. Ya dafa ni a gaban jama'a ya ce, "Ba banza Allah ya ƙara maka yatsa na shida ba, Cindo."

Wani ya tambaya a wace makaranta na koya. Alhaji ya ce, "Wannan? Makaranta ce take zuwa wurinsa."

Ina ma Abdurra'uf yana wurin.

A hanyar dawowa fitilun Keke Napep duk sun yi zobe-zobe kamar bakan gizo. Gajiya ce. Bayan Sallah zan huta.

Asabar, da rana

Wani dillalin ma ya aiko yana so. Na ce a bari in numfasa.

Litinin, bayan azahar

Alhaji ya kira. Bai yi sallama ba.

Shafin ya bi waya zuwa waya har ya tsallaka iyaka. Wani ya nuna wa Ɗalha. Ya ga karsanarsa, da tsagar gidansu a kunne, an rubuta ta sayarwa ce, da sunan Sajo a ƙasa. Ya aiko cewa ranar Alhamis yana nan tafe.

Alhaji ya ce, "Ka san mene ne dillali? Ni nake tsayawa in ce dabbar nan ta mai ita ce. Yanzu da sunana a sama ana tallar amanar wani. Kai ka yi, ko Sajo ne ya ce ka sa?"

Na ce zan duba.

Na buɗe hoton, na ƙara girmansa har kunnen ya cika fuskar kwamfuta. Kunne ne dai. Na kai wayar gida na ce wa Larai, kamar da wasa, "Akwai wani abu a kunnen saniyar nan?"

Ta ce, "Tsaga mana, Malam. Ga ta nan ɓaro-ɓaro."

Sai ta ɗago ta kalle ni. Na karɓi wayata.

Talata, bayan la'asar

Na yi ƙoƙarin cire hoton. Na goge layi ɗaya, hotuna duka suka watse, sunan wannan ya hau kan ragon wancan. Na mayar da kyar. Na sake, haka. Bidiyon ya koyar da sakawa, wajen cirewa kuwa hannunsa ya yi sauri, rubutun ƙanana.

Tana nan. Duk wanda ya buɗe zai gan ta.

Larai ta ce in kira ƙaninta. Na ce ta kula da tukunyarta.

Laraba, da safe

Tana nan.

Alhamis, bayan isha'i

An zauna a rumfar Alhaji, da dattawan kara. Ɗalha dogon tsoho ne da rawani, maganarsa a hankali. Sajo yana ta rantsuwa, yana cewa ya nuna mini tsagar, ya maimaita, a tambaye ni.

Aka tambaye ni. Na ce kwamfuta ce ta haɗa hotunan.

Wani dattijo ya ce, "Kwamfuta ta san saniya ne, da za ta zaɓi ta aro?" Aka yi dariya kaɗan.

Ɗalha ya ce, "Ni na san aikin mutumin nan. Kamiyon, manyan motocin nan da ke shigowa garinmu, duk da rubutunsa a jiki. An ce bai taɓa kuskuren ɗigo ba. Shi ne zai kasa ganin tsaga kamar bakin ƙwarya? In ya sa ta, sa shi aka yi."

Ka ji. Sunan da na yi shekaru ina ginawa, shi aka ɗauka aka buga wa Sajo a ka.

Alhaji ya miƙo mini wayarsa. "Cindo, duba da kyau. Wannan ce Sajo ya ce ka sa, ko ba ita ba?"

Na kai hannu, sai na kama iska a gefenta, wayar ta kusa faɗuwa. Na riƙe ta. Na daɗe ina kallo. Kowa yana jira. Baki ɗaya ne, kalma biyu ko uku, da an tashi lafiya.

Na ce, "Ni dai abin da aka nuna mini na ɗauka."

Na jira Sajo ya taso mini. Bai taso ba. Mutumin da tun safe yake ihu, sai ya yi tsit. Aka ce yana da magana? Ya ce babu.

Ɗalha ya ce yau zai kwance abarsa. Aka ce ai ciki gare ta, ya bari ta haihu. Ya ce ta haihu a gida.

Juma'a, da safe

Ban je shago ba.

Asabar, da hantsi

Alhaji ya aiko. A ba Abdurra'uf shafin, shi zai ci gaba. Allon sabuwar motarsa ma wai a dakata tukuna.

Abdurra'uf ya zo, na tashi na ba shi kujerar. Ya zauna gaban kwamfutar, ya ga yadda haruffan suke, kalma ɗaya ta cika fuska. Ya rage su, ya cire hoton kafin in gama shan ruwa.

Ya ce, "Ginin ba laifi, Yaya. Duba ne kawai babu."

Na ce ya ɗauki abin da zai ɗauka ya tafi.

Da ya fita na koma kujerata. Ya mayar mini da haruffan manya yadda ya same su.

Lahadi, bayan la'asar

Na tafi Ɗanzomo. Ban san me zan ce ba, ƙafa ce ta kai ni.

Sajo yana zaune a gindin aduwa. Turken karsanar yana nan da guntun igiya. An ce matarsa ba ta kai nono kasuwa ba tun ranar, saboda bakin mata. Ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya.

Na ce, "Sajo, ranar nan a rumfa."

Ya ce, "Na sani, mai rubutu."

Na ce me ya sani.

Ya ce, "Ni makiyayi ne. Na san dabbar da abin ya fara kamawa. Takan kai baki gefen ciyawa, ba kan ciyawar ba. Da ka miƙa hannu wajen wayar Alhaji na gane."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Da ka faɗa da saniyarka tana nan."

Ya sakace haƙori da tsinke. Ya ce, "Nawa ne, da zan faɗa?"

Na tambaye shi sunan garin Ɗalha da hanyar da ake bi.

Litinin, da yamma

Hanyar daji ce, yashi da kwazazzabo, an ce ba mota. Ni kaɗai ba zan iya ba. Na rubuta, ga shi nan, ba zan iya ba.

Na je wurin Abdurra'uf ana tsakiyar darasi, na kira shi waje. Na ce gobe ya kai ni a babur. Ya ce da ƙarfe nawa.

Talata, bayan magariba

Mun je, mun dawo.

Ɗalha ya karɓe mu, ya sa aka kawo ruwa. Karsanar tana ɗaure a bayan bukka, na ji kukanta. Abdurra'uf ya koma wajen babur ya ba mu wuri. Na gaya wa tsohon komai, tun daga watan azumi. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina, mutumin da ban taɓa sani ba sai makon jiya.

Ya saurara har na gama. Ya yi mini addu'a. Sai ya ce, "Ka sha hanya, Malam, don ka faɗi abin da za ka iya faɗa a zaune ranar Alhamis. Amma ni ba a nan na kira Sajo maci amana ba. A kara na kira shi, a gaban mutane. Abin da aka zubar a kara, a kara ake kwashe shi."

Na ce, saniyar fa?

Ya ce, "Mu ga karar tukuna. Jibi zan shigo da raguna."

A hanya hadari ya haɗu bai zubar ba. Na riƙe rigar Abdurra'uf har Gumel.

Laraba, da rana

Gobe ce kasuwar ƙarshe kafin Sallah, ranar da ta fi kowace cika. Direbobi duk suna nan, masu motocin da na yi wa rubutu, da waɗanda nake sa ran yi wa.

In na faɗa, wa zai ƙara kawo allo wajen mai rubutun da...

Na zauna a shago na wanke buroshina duka, har waɗanda ba su da datti. Larai ta aiko tambaya wace riga zan sa gobe. Na ce farar.

Alhamis, bayan la'asar

Na faɗa.

Na roƙi Alhaji ya tara dattawan da suka zauna wancan makon, ya tara. Wasu ma da ba a kira ba suka matso. Na tashi tsaye. Na ce Sajo ya nuna mini tsagar har sau biyu, na ce masa na gani, alhali ban gani ba. Na faɗi dalili. Da baki na faɗa, a nan ba sai na rubuta ba.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Cindo," da muryar da ake yi wa na kwance. Wani direba ya ce, "Wayyo, Malam Cindo," ya ƙara cewa, "wayyo."

Ɗalha ya kira Sajo da sunansa, suka koma gefe suna magana da Fulatanci. Ban ji me suka yanke ba, ba a kuma gaya mini ba. Na dai ji Sajo ya yi 'yar dariya sau ɗaya.

Sai wani ya shigo da bijimi, aka tashi ana taya shi, albarka, albarka. Kasuwa ta ci gaba. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran abin da ake jira a wurina, na kama hanyar tasha.

A bakin titi manyan motoci suna ta ja da baya ana loda raguna, ihu ta ko'ina. Na tsaya ina sauraron ta inda suke. Sai na ji wani ya kama mini gwiwar hannu ya ce, "Taho, Malam."

Ban san ko wane ne ba. Ban fizge ba.